Tsaye Ko Zaune? Yadda Ƙarfe, Kyamara Da Wayar Hannu Ke Kare Rayuka A Filin Ƙwallo

Ranar 2 ga Janairun 2022, Chelsea da Liverpool suka tashi 2-2 a filin Stamford Bridge da ke Landan. Waɗanda suka kalli wasan a gidajen kallo ko a waya za su fi tuna ƙwallayen Mane da Salah, da kuma yadda Kovacic da Pulisic suka farke kafin a tafi hutun rabin lokaci. Amma akwai wani abin tarihi da ya faru a bayan raga. Wannan ne wasan Firimiya na farko a ƙarƙashin sabon lasisin da ya halatta wa 'yan kallo su kalli wasa a tsaye, bayan shekaru masu yawa da doka ta wajabta wa manyan ƙungiyoyin Ingila su zaunar da kowa a kujera.

Me ya sa aka hana tsayuwa tun farko? Me ya canza har aka dawo da ita? Amsar tana da alaƙa da fasaha fiye da yadda mutum zai zata: daga ƙirar ƙarfen da ke gaban ɗan kallo, zuwa na'urar da ke ƙirga mutane a ƙofa, har zuwa tikitin da ke cikin wayarsa.

Abin da ya faru a Hillsborough

Ranar 15 ga Afrilun 1989 aka shirya wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA tsakanin Liverpool da Nottingham Forest a filin Hillsborough da ke birnin Sheffield. An ba magoya bayan Liverpool ɓangaren Leppings Lane, inda wurin tsayuwa yake: matakalan siminti ne da aka rarraba da shingen ƙarfe zuwa keji-keji, sannan aka yi wani dogon shinge a gaba don hana mutane shiga fili.

Kimanin mutum 10,100 ne ke da tikitin wannan wurin tsayuwa, kuma ƙofofi masu juyawa guda bakwai kacal aka ware musu. Da lokacin wasa ya matso, cunkoso ya yi tsanani a waje. Da ƙarfe 2:52 na rana kwamandan 'yan sanda ya ba da umarnin buɗe wata babbar ƙofar fita, kimanin mutum 2,000 suka shiga cikin 'yan mintuna. Abin da ke gabansu kai tsaye shi ne wata hanya da ta bi ta ƙarƙashin gini, wadda ke kaiwa keji na 3 da na 4. Waɗannan kejin sun riga sun cika, alhali na gefe na da sauran wuri. Ba wanda ya rufe hanyar ko ya karkatar da mutane. Na gaba suka matsu da shinge, wani madogarin ƙarfe ya karye, aka tsayar da wasa bayan kimanin minti shida da farawa. Mutum 97 ne suka rasa rayukansu sakamakon abin da ya faru a ranar, mafi ƙanƙantarsu ɗan shekara 10.

Ga abin da ya kamata mai sha'awar fasaha ya lura da shi: filin Hillsborough ba ya rasa na'urori. Akwai kyamarorin CCTV, kuma ɗakin 'yan sanda yana kallon ɓangaren Leppings Lane kai tsaye. Akwai kuma kwamfutar da ke ƙirga waɗanda suka wuce ta ƙofofi. Sai dai tana ƙirga jimillar ɓangare ne kawai, ba ta san mutum nawa ke cikin kowane keji ba. Waɗanda suka shiga ta ƙofar fita kuwa, ba su bi ta na'urar ƙirga ba sam.

Shekaru da dama ana ɗora wa magoya baya laifi, ana cewa sun bugu ko sun fasa ƙofa. Sai a Afrilun 2016 masu taimaka wa alƙali a sabon binciken da aka yi suka yanke cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma halayyar magoya baya ba ta jawo abin da ya faru ba.

Kujera ta zo, amma mutane ba su zauna ba

Mai shari'a Taylor, wanda ya jagoranci binciken farko, ya fitar da rahotonsa na ƙarshe a Janairun 1990. Ya nuna cewa babban musabbabin bala'in shi ne gazawar 'yan sanda wajen sarrafa taro, ya kuma yarda cewa tsayuwa ita kanta ba haɗari ba ce. Duk da haka ya ba da shawarar a mayar da filaye na kujeru zalla, domin kujera mai lamba tana ba kowane mutum wurinsa, tana kuma sauƙaƙa sanin adadin mutane. Zuwa Agustan 1994, doka ta wajabta haka a manyan rukunoni biyu na Ingila. An kuma cire dogayen shingayen da ke gaban 'yan kallo.

Filayen Ingila sun fi aminci sosai tun daga lokacin, wannan ba abin musu ba ne. Amma wata matsala ta ɓullo. Dubban magoya baya, musamman na bayan raga da baƙi da suka biyo ƙungiyarsu, sun ci gaba da tsayuwa daga farkon wasa har ƙarshe a gaban kujerunsu. Ba wani jami'i da zai iya zaunar da mutum dubu uku da suka ƙi zama.

Kujerar roba kuwa ba a ƙera ta don mai tsayuwa ba. Bayan kujerar da ke gabanka bai wuce ƙwaurinka ba. Idan aka ci ƙwallo, na bayanka ya faɗo maka, babu abin da za ka dafa. Sai ka tuntsura kan na gabanka, shi ma ya tuntsura kan na gabansa. A bene mai gangara sosai, wannan na iya kwashe layuka da yawa a lokaci guda. Wato dai an hana tsayuwa a takarda, amma a zahiri mutane na tsaye a wurin da ya fi kowane rashin dacewa da tsayuwa.

Kujera mai shingen ƙarfe

Maganin ya fito ne daga Jamus, inda ba a taɓa hana tsayuwa a gasar Bundesliga ba. Matsalarsu ita ce tun 1998 hukumar UEFA ta wajabta kujeru a wasanninta, don haka ƙungiyoyin Jamus suka buƙaci wurin da za a tsaya ranar Asabar, a kuma zauna ranar Laraba. Wasu suka riƙa ɗaura kujeru suna cirewa, wasu suka koma ga kujera mai shingen ƙarfe.

Ƙirarta mai sauƙi ce. Kowane layi yana da firam na ƙarfe mai ƙarfi da aka kafe a siminti, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, kuma a jikinsa akwai siririyar kujera mai naɗewa. Idan aka naɗe ta, sai wurin tsayuwa ya buɗe. Amfanin ƙarfen shi ne yana yanke nauyin taro layi-layi. A tsoffin matakalai, madogaran ƙarfe na nesa da juna, don haka nauyin layuka da yawa na iya taruwa a kan mutanen gaba. A sabon tsari, iyakar wanda zai iya faɗo maka shi ne na kusa da kai, kuma kana da abin riƙewa.

Misalin da kowa ya sani na yawan masu tsayuwa shi ne ɓangaren kudu na filin Borussia Dortmund, wanda ake wa laƙabi da Bangon Rawaya. Yana ɗaukar mutum sama da 24,000 a tsaye. Filin gaba ɗaya na ɗaukar mutum 81,365 a wasan Bundesliga, amma idan aka mayar da shi na kujeru zalla, adadin kan sauka zuwa kimanin 66,000.

A Birtaniya, Celtic ta Scotland ce ta fara kafa irin waɗannan kujeru a babban fili a 2016. Shrewsbury Town ta biyo baya a Ingila a 2018, da kuɗin da magoya baya suka tara ta intanet. A wannan shekarar ce kuma mutum sama da 100,000 suka sa hannu a wata takardar koke a shafin majalisar dokokin Birtaniya, lamarin da ya sa aka yi muhawara a kan batun. Daga Janairun 2022, ƙungiyoyi biyar suka fara gwaji: Manchester United, Manchester City, Chelsea, Tottenham da Cardiff City. A Yulin wannan shekarar gwamnati ta buɗe ƙofa ga sauran ƙungiyoyi su nemi lasisi. Ita ma UEFA ta fara gwajin barin tsayuwa a wasanninta a Ingila da Faransa da Jamus daga kakar 2022/23.

Sharuɗɗan Ingila sun fi na Jamus tsauri. Tikiti ɗaya, wuri ɗaya mai lamba, don haka adadin 'yan kallo ba ya ƙaruwa. Ba a kulle kujerar a naɗe, domin wanda ya gaji ya iya zama. Dole a tanadi wurin tsayuwa ga 'yan gida da baƙi, a inganta kyamarori, a horar da masu kula da 'yan kallo, kuma kada masu tsayuwa su tare wa masu buƙata ta musamman kallo.

Lissafin da rai ya rataya a kansa

Masana harkar taro ba su cika tambayar ko mutane na tsaye ko zaune ba. Tambayarsu ita ce: mutum nawa ne a murabba'in mita ɗaya? Ka ɗauki tayil huɗu masu faɗin santimita 50 ka jera su biyu-biyu, wannan shi ne murabba'in mita. Mutum biyu a kai suna sakewa. Mutum huɗu sun fara gogar juna. Idan aka kai shida ko bakwai, mutum ba shi da ikon jikinsa kuma. Taron kan riƙa motsi kamar ruwa, turi daga can baya yana ratsa kowa har ya isa gaba.

Yawancin waɗanda ke mutuwa a turmutsutsu ba tattake su ake yi ba. Ƙirjinsu ne ke matsewa har huhu ya kasa buɗewa, kuma hakan na iya faruwa mutum yana tsaye a kan ƙafafunsa.

Kundin ƙa'idojin tsaron filayen wasa na Birtaniya, wanda ake kira Green Guide, an fara fitar da shi a 1973 bayan mutum 66 sun mutu a wata matakalar fita ta filin Ibrox da ke Glasgow a 1971. Ya ƙayyade cewa kada masu tsayuwa su wuce 47 a murabba'in mita 10. Ya ce a lissafa kowace ƙofa mai juyawa a kan mutum 660 a awa, ba fiye ba. Ya kuma sa minti takwas a matsayin ma'aunin lokacin da 'yan kallo za su bar wurin kallo su shiga hanyar fita mai tafiya ba tsaiko.

Gwada wannan ma'auni da Hillsborough. Ƙofa bakwai sau 660 ya ba da mutum 4,620 a awa. Shigar da mutum 10,100 na buƙatar fiye da awa biyu ana shiga ba tsayawa. Lissafin da kowace waya za ta yi cikin daƙiƙa ɗaya ya isa ya nuna cewa za a samu matsala.

Haɗarin ya fi yawa a ƙofa

Idan aka duba manyan bala'o'in filayen ƙwallo, za a ga da yawansu ba a wurin kallo suka faru ba. Ranar 9 ga Mayun 2001 a Accra, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda sun harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, mutane suka ruga hanyoyin fita suka tarar da ƙofofi a rufe. Mutum sama da 120 suka mutu. Ranar 1 ga Oktoban 2022 kusan irin haka ta faru a filin Kanjuruhan na Indonesiya, inda mutum 135 suka rasu, duk da cewa ƙa'idojin FIFA sun hana amfani da irin wannan hayaƙi a cikin fili.

Filin Olembe da ke Yaounde kuwa sabo ne fil, mai kujeru 60,000, an gina shi don gasar cin kofin Afirka. Ranar 24 ga Janairun 2022, kafin wasan Kamaru da Komoros, mutum takwas suka mutu a turmutsutsu a ƙofar kudu. Ba su ma kai ga kujerunsu ba. Kujera, komai kyanta, ba ta kare wanda ya maƙale a ƙofa.

Tikiti a cikin waya

A nan ne wayar hannu ta shigo. Tikitin takarda ana iya buga na jabu, ana kuma iya miƙa shi ta shinge wani ya sake shiga da shi. Tikitin waya ya zo da hanyoyin toshe wannan. Wasu manhajoji na nuna lambar QR mai canzawa kowane 'yan daƙiƙu, don haka hoton allon da wani ya turo maka ta WhatsApp ba zai buɗe ƙofa ba. Wasu ƙungiyoyin Firimiya na amfani da NFC, inda tikitin ke zaune a Apple Wallet ko Google Wallet, ka kara wayar a jikin na'ura kamar mai biyan kuɗi da kati, ba tare da buƙatar data ba. Kowane shiga na tafiya kai tsaye zuwa ɗakin sa ido, inda ake ganin ƙofar da ta cika da wadda ba kowa. Ana kuma iya tura wa masu tikiti saƙo cewa su koma wata ƙofa, ko cewa an ɗaga lokacin wasa, wanda shi kaɗai kan rage gaggawar da ke haddasa turi.

Sai dai fasaha na da nata rauni. Idan na'urar karanta tikiti ta fara jinkiri, ko batirin mutane ya mutu, ko sabis ya ɗauke, layi ba ya daina tsawo don na'ura ta tsaya. Ƙofar da ke ɗaukar daƙiƙa biyar ga kowane mutum, idan ta koma daƙiƙa goma sha biyar, ta rasa kashi biyu cikin uku na ƙarfinta.

Wasan ƙarshe na Zakarun Turai da aka yi a Stade de France ranar 28 ga Mayun 2022 tsakanin Liverpool da Real Madrid ya nuna yadda abubuwa ke rikicewa. Yajin aiki a wani layin jirgin ƙasa ya karkatar da dubban mutane zuwa wata ƙuntatacciyar hanya, wurin tantance tikiti ya toshe, aka rufe ƙofofi, aka fesa wa mutane barkonon tsohuwa, wasa ya yi jinkirin fiye da rabin awa. Hukumomi suka yi saurin ɗora laifi a kan tikitin jabu. Rahoton kwamiti mai zaman kansa da ya fito a Fabrairun 2023 ya ce UEFA ce ke da babban alhaki, kuma saura ƙiris a yi asarar rayuka masu yawa. Wani abin takaici: hotunan kyamarorin filin sun goge da kansu bayan kwana bakwai, saboda ba wanda ya nemi a adana su a kan lokaci. Yawancin shaidar da ta wanke magoya baya daga bidiyon wayoyinsu da na 'yan jarida ta fito.

Kyamara mai ƙirga kawuna

Sabon abin da ake ƙarawa yanzu shi ne manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke duba hoton kyamara, ta ƙiyasta yawan mutane a kowane yanki, ta canza launin yankin a allo idan cunkoso ya kusa wuce ƙima. Wannan shi ne ainihin giɓin da aka samu a Hillsborough: sanin adadi keji-keji, ba jimilla kawai ba. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, an haɗa dubban kyamarori na filaye takwas zuwa cibiyar sa ido guda.

Akwai bambanci tsakanin ƙirga kawuna da gane fuska, kuma ya kamata mai amfani da waya ya san shi. Ƙirga kawuna ba ya buƙatar sanin ko kai wane ne. Gane fuska, irin wanda ƙungiyar Brondby ta Denmark ta fara amfani da shi a 2019 don tare waɗanda aka haramta wa shiga fili, yana kwatanta fuskar kowa da jerin sunaye, kuma masu kare sirrin bayanai na adawa da shi. Na farkon ne ke hana turmutsutsu. Kuma ko shi, gargaɗi kawai yake bayarwa. Sai an samu mutum mai horo da iko da zai ce a rufe wannan hanya, a buɗe waccan, a ɗaga wasa.

Masu adawa ma suna da hujja

Ba kowa ne ya yi maraba da dawowar tsayuwa ba. Wasu daga cikin iyalan waɗanda suka rasu a Hillsborough sun daɗe suna adawa da ita, kuma ba wanda zai ce ba su da dalili. Wasu jami'an 'yan sanda sun nuna damuwa cewa gano mai laifi ya fi wuya a cikin masu tsayuwa, kuma mutane kan bar wurinsu su cusa kansu inda abokansu suke, har layi ya ɗauki fiye da adadinsa. Akwai kuma batun yara da gajerun mutane da ba za su ga fili ba. Ita kanta Liverpool ta bi abin a hankali: a 2021 ta fara kafa kujeru masu shinge kimanin 7,800 a Anfield, bayan ta tuntuɓi iyalan, ta kuma bayyana shi a matsayin matakin kariya ga mutanen da dama can suke miƙewa.

Idan za ka shiga taro

Waɗannan matakan na aiki a filin wasa, a wurin taro, har ma a gidan kallo mai ƙofa ɗaya:

- Ka cika cajin wayarka, ka sauke tikitinka cikinta tun a gida. Kada ka dogara da sabis a bakin ƙofa.
- Kada ka sayi hoton tikiti a hannun wani. Ka nemi a tura maka ta cikin manhajar da ta sayar da shi.
- Ka je da wuri, kuma da shigarka ka gano hanyoyin fita biyu, ba wadda ka shigo ta ita kaɗai ba.
- Ku yanke wurin haɗuwa da abokanka tun kafin ku shiga. Idan data ta ƙi, gajeren saƙon tes ya fi saurin wucewa.
- Idan ka ji ana taɓa ka ta kowane ɓangare kuma ba ka iya ɗaga hannu cikin sauƙi, lokacin fita ya yi. Kada ka jira ya ƙara tsanani.
- Idan ka riga ka matsu, ka ɗaga hannuwanka gaban ƙirji kamar ɗan dambe don huhu ya samu wuri. Kada ka yi gaba da gaba da turi. Ka bi shi kana zamewa gefe, kana nisantar bango da shinge.
- Idan wayarka ta faɗi, ka bar ta. Wanda ya sunkuya a cikin turmutsutsu da wuya ya miƙe.

Abin da shekaru fiye da talatin suka koyar shi ne, tsayuwa da zama duk suna iya zama lafiya, kuma duk suna iya zama haɗari. Abin dubawa shi ne ko an san adadin mutanen da ke kowane yanki, ko kowa na da wurinsa da abin dafawa, ko ƙofofi sun isa kuma a buɗe suke, da kuma ko wanda ke kallon allo a ɗakin sa ido zai ɗauki mataki a kan lokaci. Filin da ya cika waɗannan sharuɗɗa zai iya barin mutane su tsaya su yi waƙa. Wanda bai cika su ba, ko kujerunsa na alfarma ne, bai kamata ya buɗe ƙofa ba.